Uwargida, Ɗaga Kai Ki Duba Rufin Ɗakinki

Yau hirar tamu a kan rufin ɗaki ne, musamman ga mu mazauna cikin birni, irin su Dukawuya da kewayen Ƙofar Kabuga da Ƙofar Famfo, inda tsofaffin soraye na azara suke maƙwabtaka da ɗakunan kwano masu silin.

Rufi ba ya faɗowa haka kawai, sai ya nuna alama. To wa zai gani? Maigida ya fita tun safe, ba ya dawowa sai dare. Ke kike wuni a ɗakin, don haka idonki ne zai fara gani.

Alama ta farko ita ce tabo mai ruwan ƙasa a jikin rufi. Wannan yoyo ne. Amma ki sani, inda tabon yake ba lallai nan ne ɓular take ba, domin ruwa yakan bi jikin azara ko katako ya yi tafiya kafin ya ɗiga. A soro, sau da yawa indararo ne ya toshe da leda ko ganye, ruwa ya kwanta a sama. Ga dabara: ki zagaye tabon da gawayi. In bayan ruwa na gaba ya wuce zanen, to abin ƙaruwa yake yi.

Ta biyu, ki share ɗaki tas, da safe ki tarar da gari-gari ko ɓurɓushin ƙasa a kan gado. Ki duba bango da kyau. In kin ga siririyar hanya ta ƙasa ta hau har sama, gara ce. Azara itacen giginya ce, gara ba ta cika cin ta ba, amma katakon silin kam abincinta ne. Ki ɗan ƙwanƙwasa da muciya a hankali. In kin ji sauti kamar na fanko, ta cinye cikin.

Ta uku ita ce mai hatsarin. Azara ta lanƙwasa, ko silin ya yi ciki, ko ki riƙa jin ƙas-ƙas cikin dare, ko ƙasa ta fara zubowa gutsure-gutsure. Ƙasar rufin soro in ta sha ruwa nauyinta ƙaruwa yake, shi ya sa aka fi samun rushewa a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano. Don Allah in kin ga haka kada ki ce sai maigida ya dawo. Ki kwashe yara ku koma wani ɗakin, ko na abokiyar zama ne, sannan ki aika masa. Kaya dai ana sake saye.

Sai kuma baƙi-baƙi kusa da ƙwan lantarki ko fanka, tare da ƙaurin roba. Wayar wuta ce ke zafi, ko ruwa ya taɓa ta. A kashe wutar gidan daga babban makunni, kada ki taɓa da jiƙaƙƙen hannu, a kira mai gyara. In kuwa baƙin dabbare-dabbare ne mai warin danshi, fumfuna ce, tana tayar wa yara tari da fuka.

Guje-guje a cikin silin da dare fa? Kafin ki ce mutanen ɓoye ne, ki duba ko akwai kashin ɓera ko na jemage. Ta fitsari da kashin ɓera ake ɗaukar zazzaɓin Lassa, saboda haka ki rufe abinci da randa ruf. Kuma in silin ɗinku tsohon asbestos ne, kada ki kankare shi ko ki bar yara su farfasa, ƙurarsa na illa ga huhu.

Lokacin gyara shi ne rani. Ki lallaɓa maigida ya kira magini a sake yaɓe, a shafa makuba, a buɗe indararo tun kafin ruwan farko. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.