Ko Kun Sani?

A hamadar Sonora, tsakanin Amurka da Meziko, akwai kaktus mai siffar ganga da ke karkata kudu yana girma, har tsofaffinsa kan kife da kansu. Na tukunya ma haske yake bi: in taga ɗaya ce ke haska shi, can zai nufa, don haka a riƙa juya tukunyar lokaci-lokaci.

Amma in na tukunya ya karkata, a fara latsa gindinsa. In ya yi laushi ya yi baƙi, ruwa ne ya yi yawa, saiwa ta ruɓe, kuma tokara shi da sanda aikin banza ne. A yanke lafiyayyen saman, a bar yankan ya bushe kwanaki, sannan a dasa a ƙasa mai yashi.