Idan Aikin da Ba a So Ya Karya Farashin Gidanka: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Gida shi ne babban jarin yawancin magidanta. Amma da zarar an ji za a kafa juji, ko ma'ajiyar shara mai guba, ko hanyar jirgin ƙasa a bayan katangarsa, sai masu saye su ja baya. Wanda ya zo ma tayin wulaƙanci zai yi. Al'umma ce za ta ci amfanin aikin, asarar kuwa ta faɗa kan mutum ɗaya. Wasu ƙasashe sun ga rashin adalcin da ke cikin haka, suka fito da tsarin kare darajar gida.

Garin Port Hope na ƙasar Kanada, a gaɓar tafkin Ontario, misali ne mai kyau. A shekarun 1930 kamfanin Eldorado ya fara tace ma'adinin radiyam a garin, daga baya ya koma yuraniyam, burbushinsu ya gurɓata ƙasa a unguwanni da dama. A 2001 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da ƙananan hukumomin yankin cewa za a kwashe gurɓatacciyar ƙasar a adana ta a ma'ajiya ta musamman a nan kusa. A 2012 aka ware wa aikin dalar Kanada biliyan 1.28.

Tun a cikin yarjejeniyar aka rubuta batun masu gidaje. Wanda ya sayar da gidansa a kasuwa da rahusa saboda aikin, yana iya neman a cika masa giɓin da ke tsakanin kuɗin da ya samu da wanda zai samu da a ce babu aikin. Haka ma wanda kuɗin hayarsa ya ragu, da wanda ya sha wuya wajen sabunta bashin gida a banki. Idan bai gamsu da hukunci ba, akwai hanyar sulhu da ta ɗaukaka ƙara.

Sai dai ba a biyan kowa a kan baki kawai. Dole mai gida ya nuna cewa aikin ne ya jawo asarar. Idan kasuwa ce ta faɗi gaba ɗaya, ko rufin gidan na yoyo, babu ruwan tsarin. Shi ya sa ake dogara da ƙwararrun masu ƙiyasta kuɗin gida, waɗanda ke gwada cinikin da na gidaje irinsa a wuraren da aikin bai shafa ba.

A Ingila, aikin jirgin ƙasa mai sauri na HS2 ya zo da nasa tsarin. Wanda larura ta tilasta masa sayarwa, kamar sauyin wurin aiki ko rashin lafiya, gwamnati kan sayi gidan a cikakken farashinsa na asali. Sharaɗi shi ne ya sa gidan a kasuwa na aƙalla wata 3 ba tare da samun tayin da ya kai kashi 85 cikin 100 na darajarsa ba, kuma ya kasance bai san da aikin ba lokacin da ya saya. A Denmark kuwa, tun 2009 doka ta ɗora wa mai kafa injin lantarki na iska biyan maƙwabci idan darajar gidansa ta ragu da fiye da kashi 1 cikin 100.

A Nijeriya, dokar filaye ta 1978 ta yi maganar diyya ne ga wanda aka karɓe filinsa. Maƙwabcin da aka bari da wari da ƙara ba ya cikin lissafinta. Wata dama da ke hannunsa ita ce lokacin da ake baje rahoton tasirin aikin ga muhalli domin jin ra'ayin jama'a, kamar yadda dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanada. A nan ne ya dace mutanen unguwa su haɗa kai su nemi alkawarin diyya a rubuce, mai bayyana iyakar yankin, da wanda zai yi ƙiyasi, da wa'adin biya.

Kafin a kawo buldoza, ku sa a ƙiyasta gidajenku, ku ɗauki hotuna, ku adana takardun ciniki da duk tayin da dillali ya kawo. Da tsohuwar takarda ake gane abin da gida ya rasa, kuma tun ran gini tun ran zane.