Dalilin Raguwar Ɗaliban Falsafar Addini a Makarantun Ingila

A shekarar 2018, wadda ita ce ta farko da aka zauna jarrabawar A-level ta ilmin addini bisa sabuwar manhaja a Ingila, adadin ɗaliban da suka ɗauki wannan fanni ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, alhali kuwa tsakanin 2003 da 2015 sai da adadin ya ninka, har yau kuma bai koma matsayinsa na da ba. Masu sharhi sun yi gaggawar yanke hukunci cewa samarin Turawa ne suka gaji da addini. Ni kam ban gamsu ba, domin a ganina hukuma ce ta datse ruwa tun daga mafarinsa, sa'an nan ta dawo tana mamakin ƙafewar kogi.

Abin da ake hasara ba ƙarami ba ne. A manhajar hukumar jarrabawa ta OCR, yaro ɗan shekara 17 yakan fara da Aflatun da Aristo, ya bi burhanan Anselm da Toma Akwinas a kan samuwar Ubangiji da martanin da Hume da Kant suka yi musu, ya tsaya a kan mas'alar samuwar sharri a duniya; sa'an nan ya shiga ilmin ɗabi'u, inda zai auna ko aiki yana zama kyakkyawa saboda natijarsa ne ko saboda wajibcinsa, ya gwada wannan a kan kasuwanci da kuma gaggauta mutuwar majiyyaci; daga ƙarshe ya karanta tunanin malaman Kirista, tun daga Agustin har zuwa Bonhoeffer, limamin nan na Jamus da aka rataye a 1945 saboda adawarsa da Hitila. Ranar jarrabawa akan ba shi tambayoyi 4 ya zaɓi 3, ya rubuta maƙala a kan kowace, duka cikin awa 2, kuma kaso mafi girma na maki yana ga wanda ya iya kawo hujjar abokin hamayya a kan fuskarta kafin ya warware ta. Duk wanda ya zauna gaban malamin tauhidi ko manɗiƙi ya san darajar irin wannan horo.

Babban sababi, a nazarina, shi ne ma'aunin EBacc da ministan ilmi Michael Gove ya ƙirƙiro a 2010, wanda ya ware wasu darussa, wato Turanci da lissafi da kimiyya da harshen waje da tarihi ko labarin ƙasa, ya mai da su abin da ake auna ƙwazon makaranta da shi, ya bar ilmin addini a waje. Shugaban makaranta kuwa, wanda sunansa da na makarantarsa suke rataye a kan wannan ma'auni a lokacin, babu abin da zai hana shi rage sa'o'in darasin da ba a lissafa masa, ko ya ɗora shi a kan malamin wani fanni da ya sami gurbi a jadawali, duk da cewa dokar 1944 ta wajabta koyar da addini a makarantun gwamnati. Hukumar sa ido ta Ofsted da kanta ta tabbatar a rahotonta na 2024 cewa koyarwar a makarantu da yawa ba ta da zurfi. Yaron da aka ba shi darasin a gurguje yana ɗan shekara 13 ba zai zaɓe shi yana ɗan 16 ba. Aka kuma raba jarrabawar AS ta shekarar farko da A-level, ɗalibai suka koma ɗaukar darussa 3 maimakon 4, kuma a darasi na huɗun nan ne da yawa suke ɗanɗana falsafa har su ƙaunace ta.

Ban musa cewa ja da baya daga addini yana da nasa tasiri ba, tun da ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci a Ingila da Wales sun koma kashi 46.2 cikin ɗari daga 59.3 a 2011. Amma a 2001 sun fi kashi 70, ke nan a shekarun da ɗaliban fannin suke ninkuwa ma Kiristoci suna raguwa, saboda haka wannan hujja ba ta ɗauki nauyin da aka aza mata ba.

Illar ta riga ta kai jami'o'i, inda sassan ilmin addini suka tsuke, kwalejin Heythrop ta Landan kuma, wadda asalinta ya koma 1614, ta daina koyarwa a 2018. Raguwar masu digiri a fannin ita ce raguwar malaman gobe. Wannan ya shafi 'ya'yan Musulmi, waɗanda al'ummarsu ta kai kashi 6.5 cikin ɗari: manhajar OCR ta ba da damar karanta tunanin malaman Musulunci a madadin na Kirista, amma makarantar da ba ta da malamin da ya san Gazali ba za ta buɗe wannan aji ba, sai yaro ya karanta Akwinas shekara biyu ba tare da an gaya masa yawan abin da ya ɗebo daga Ibn Sina da Ibn Rushdi ba.