Jana'izar wanda ya kashe kansa: abin da Katolika suka ce da abin da aka ƙaga musu

Kwanakin nan wani dogon saƙo yana ta yawo a wayoyin mutanen Rigasa, daga zauren WhatsApp na 'yan layi ya faɗa na iyayen yara, daga can ya shiga na 'yan kasuwa. An yi masa zubin wa'azi, amma babu sunan malami, babu sunan littafi. Abin da yake son cusa wa mutane shi ne wai wanda ya kashe kansa ba shi da jana'iza a kowane addini. Don ya ƙarfafa zancensa sai ya jawo 'yan Katolika: wai ko su ma Fada ba ya taka ƙafa gidan, ba a shiga da gawar coci, ba a yi wa mamacin addu'a, domin sun riga sun yanke cewa ɗan wuta ne. Ya ƙara da cewa batun ciwon ƙwaƙwalwa uzuri ne kawai da likitoci suka ƙirƙiro wa masu raunin imani.

Akwai tarkacen da bai cancanci dogon bayani ba. Wai Fafaroma ya halasta kashe kai a asirce: ƙarya ce, har gobe Ikilisiyar Katolika tana lissafa shi cikin manyan laifuka, kuma mai saƙon bai ma lura cewa wannan ya ci karo da sauran zancensa ba. Wai masu kuɗi kan sayi jana'izar a ɓoye: doka ta 1181 a kundin dokokinsu ta hana fifiko a sha'anin jana'iza, ta kuma hana a tauye talaka.

Ban ga laifin waɗanda suka gaskata ba. Tun rikicin Shari'a na 2000 da na gasar sarauniyar kyau na 2002 Kaduna ta rabu, Kiristoci da yawa suka tsallake kogi zuwa Sabo da Narayi da Romi, Musulmi suka cika Rigasa da Tudun Wada. Yaron da aka haifa a nan bayan wannan rabuwa zai iya girma har ya yi aure bai taɓa zuwa ta'aziyya gidan ɗan Katolika ba. Abin da aka ce masa game da su, shi zai ɗauka. Mai laifin shi ne wanda ya zauna ya rubuta hukunci a kan matattun mutane bai buɗe littafi ko ɗaya ba.

Wani abin da ya sa ƙaryar ta samu shiga shi ne tana da tushe a tarihi. Tun ƙarni na 5 Waliyi Augustine, babban malamin nan na garin Hippo a Aljeriya ta yau, ya karantar cewa umarnin hana kisa ya haɗa har da kisan kai na mutum da hannunsa. A ƙarni na 6 wani taron bishop-bishop a Braga, cikin ƙasar Fotugal ta yanzu, ya hana a yi wa irin wannan mamaci bukukuwan jana'iza na coci. Haka aka tafi ƙarnuka, har kundin dokokin Ikilisiya na 1917, inda doka ta 1240 ta sanya shi cikin waɗanda ba a yi wa jana'iza. Amma ko wannan tsohuwar doka ta gindaya sharaɗi: sai wanda ya aikata da gangan, cikin shawarar kansa. Shi ya sa tun a lokacin ake binne waɗanda aka yi shakkar lafiyar hankalinsu.

Wannan kundi kuwa ya daina aiki. A watan Janairun 1983 Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙaddamar da sabo, shi ne kuma ake bi har yau a Kaduna kamar yadda ake bi a Roma. Doka ta 1184 ta zayyana waɗanda za a iya hana wa jana'iza idan ba su nuna alamar tuba ba: waɗanda suka shahara da ridda ko ɓallewa daga Ikilisiya, waɗanda suka zaɓi a ƙona gawarsu don musanta bangaskiya, da masu zunubi a fili waɗanda yi musu jana'iza zai zama abin tuntuɓe ga jama'a. An cire wanda ya kashe kansa daga jerin. Fiye da shekara arba'in ke nan.

Littafin koyarwarsu, Katekizim na 1992, ya yi bayani a sakin layi na 2280 zuwa 2283. Bai sassauta a kan aikin ba: rai amana ne daga Allah, mutum mai riƙo ne ba mamallaki ba, kuma kashe kai yana cutar da iyali da al'umma. Amma ya raba tsakanin munin aiki da nauyin da ke kan wanda ya aikata. A koyarwar Katolika, kafin zunubi ya kai matsayin da zai raba mutum da Allah, sai abu uku sun haɗu: laifin ya zama babba, mutum ya san babba ne, kuma ya aikata da cikakkiyar yardarsa. Katekizim ɗin ya ce tsananin ciwon ƙwaƙwalwa, ko matsanancin ƙunci, ko firgicin azaba, suna iya rage wannan nauyi. Ya kuma ce kada a yanke ƙauna game da ceton irin waɗannan mutane, domin Allah yana da hanyoyin ba bawa damar tuba da shi kaɗai ya sani, kuma Ikilisiya tana yi musu addu'a.

A lura, ba su yi wa kowa alƙawarin aljanna ba. Abin da suka ƙi shi ne su zauna a kujerar da ba tasu ba. Abin da doka ta ce tabbatacce ne, kowa zai iya dubawa. Abin da ke cikin zuciyar mamaci a daƙiƙarsa ta ƙarshe kuwa ba Fada, ba likita, ba mai tura saƙo da ya isa ya ce ya sani.

Inda aka ga an ƙaurace wa irin wannan gawa, sau da yawa al'ada ce ke aiki. Wanda ya karanta littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, zai tuna dangin Okonkwo, wanda ya kashe kansa, ba su iya binne shi da hannunsu ba, saboda al'adar gargajiya, ba hukuncin coci ba. Idan kuma aka sami shakka a wata majami'a, doka ta 1184 ta ce a kai maganar gaban bishop a bi abin da ya yanke. A Kaduna wannan hurumin Akbishop Matthew Man-Oso Ndagoso ne.

Tunda mutanen Rigasa aka nufa da saƙon, dole a faɗi cewa a ɓangaren Musulunci ma bai yi daidai ba. Akwai hadisin Jabir bn Samura a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) bai sallaci wani da ya kashe kansa ba, amma jumhurun malamai, har da Malikiyya da muke bi, sun fahimci hakan a matsayin tsawatarwa. Musulmi ne, ana yi masa wanka da sutura da salla. Kuma duk ɗalibin fiƙihu ya san an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe.

Illar saƙon tana kan rayayyu. A ɗaya daga zaurukan akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Katolika da ke tsallako kogi tana aiki a unguwar nan. Ƙanenta ya rasu ta wannan hanya shekarun baya, an kuma yi masa Misa an binne shi. Ta ce da ni, "Malam, ni na san ƙarya ce, Mama nake jin tsoro ta gani." Uwa irin wannan, saƙon fami yake yi mata a gyambon da bai warke ba. Ga kuma wanda yake cikin ciwon yanzu, wanda barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, yake ganin shi kaya ne a wuyan iyalinsa. Idan ya ji ana cewa ciwonsa raunin imani ne, bakinsa zai rufe. Dangi ma sai su ɓoye, don gudun abin kunya da gudun hukuma, tunda kundin Final Kod da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya mai da yunƙurin kashe kai laifi a sashe na 231, da ɗaurin da zai iya kai shekara guda.

Ciwon damuwa ciwo ne da ake ganewa, ana kuma maganinsa. Yana kama mai sallar dare, yana kama mai zuwa Misa kowace safiya, yana kama mace bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara. A Janairun 2023 Najeriya ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince da haƙƙin majinyaci na samun kulawa.

Idan wani naka ya fara cewa ya gaji da duniya, ko gara ba ya nan, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Liman ko Fada su yi addu'arsu, amma a sa shi a mota a ranar a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Barnawa, ko sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.