Ciyar da marayun ƴan shila da hannu

Ƴan'uwa masu kiwon tantabaru, in shaho ko mussa ta kashe iyaye, ɗan shila na iya tashi a hannunku. Amma ɗura abinci da gaggawa na kashe shi kamar yunwa.

Kwanakin farko, iyaye na ba shi wani farin abu mai kauri da ke fitowa daga jakar abinci ta ƙasan wuyansu. Kunu ba ya maye gurbinsa. Don haka wanda bai kai kwana 7 ba, a kai shi ga wata tantabara mai ɗa guda tsaransa. Nonon shanu kuwa kada a fara, zawo yake sa tsuntsu.

Wanda ya wuce mako, a dama mishi kunun hatsi da gwaiduwar dafaffen ƙwai, mai ɗumi kamar jikin mutum. A yanke bakin sirinji, shi tura bakinsa ciki shi sha da kansa. In an matsa mishi, kunu na bin hanyar numfashi. Kafin a ƙara, a taɓa jakar. In na ɗazu na nan, a dakata, kar shi yi tsami ciki.

Wajen kwana 25 a fara watsa mishi tsaba, ana tsoma bakinsa a ruwa ban da hanci, don sabon yaye bai san sha ba. A riƙa duba cikin bakin. In an ga wani abu rawaya kamar cuku, kada a kankare, jini zai zuba. A ware mishi kaskon ruwa, a kai shi wurin likitan dabbobi.