Riƙon 'Ya'ya Bayan Rabuwar Aure A Lokacin Annoba

Jama'a, an shirya wannan ƙasida domin iyaye maza da mata waɗanda aurensu ya mutu, ko kuwa suna cikin rabuwa, alhali akwai 'ya'ya a tsakaninsu. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba.

Abin Da Ya Faru A Shekarar 2020

Ran 27 ga Fabrairu, 2020, aka sami mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, a can Ikko. Kafin watan Maris ya ƙare an rufe makarantu, Babban Jojin ƙasa kuma ya umarci kotuna su dakatar da zama sai a kan abin gaggawa. Cikin Afrilu aka kulle Kano, daga baya aka hana tafiya daga jiha zuwa jiha, ba a buɗe hanyoyi ba sai ran 1 ga Yuli.

To, a ce mutum ya saki matarsa dab da wannan lokaci. Shi yana Kaduna, ita ta koma gidan iyayenta a Kano da goyo, babban yaron kuwa yana wurin uban. Hanya a rufe, kasuwa a rufe, zauren alƙali a rufe. Wa zai riƙe yaran? Wa zai ci da su? In ɗayansu ya kwanta ciwo, wa zai ce a kai shi asibiti?

Wannan annoba ta lafa, har cikin Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye shelar gaggawa da ta yi a kanta. Amma fa ƙyanda da sanƙarau da kwalara ba su bar mu ba, ga kuma mashaƙo da ya addabi Kano a 2023. Saboda haka ya kamata kowa ya san matsayinsa tun da sauran lafiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa Ke Da Riƙo?

A wurare da yawa al'ada ta gudana cewa da an yaye yaro sai uba ya aiko a ɗauko masa abinsa. Shari'a ba ta ce haka ba. A mazhabar Maliki, wadda alƙalanmu ke hukunci da ita, uwa ce ke da riƙo, watau abin da malamai ke kira hadana. Namiji yana hannunta har ya balaga, mace kuwa har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Haka yake cikin Risala, haka kuma cikin Muhtasar na Shehu Halilu.

In uwa ta rasu, ko ta auri wani bare ta tare, riƙo ba ya tsallakawa kai tsaye zuwa ga uba. Kakar yaro ta wajen uwa ita ce ta farko, sa'an nan 'yar'uwar uwa. A tsarin Muhtasar har kaka ta wajen uba tana gaba da uban kansa. Shi ma in riƙon ya iso gare shi, sai ya kasance da macen da za ta yi renon a gidansa.

Waɗanda suka yi auren rajista kuwa, dokar aure ta 1970 ita ke kansu, Babbar Kotu kuma takan sa amfanin yaron gaba da son ran iyayensa.

Abin Da Ke Kan Uba

Ci da sha da tufa da wurin kwana da kuɗin magani duk suna wuyan uba, ko da yaro ba ya kwana a gidansa. Ana yanka masa gwargwadon samunsa. In kulle ya tsai da sana'arsa, ya faɗi gaskiya a gaban shaidu, ya aika da abin da ya sawwaƙa, ko hatsi ne, ko kuɗi ta waya. Kada ya yi shiru ya ce ai annoba ce. Yunwa ba ta san dokar kulle ba.

Matar da ke cikin iddar sakin kome kuwa, a ɗakinta za ta zauna, ci da shanta na kan mijin har idda ta cika. Korar ta laifi ne ko da lafiya lau ake, balle ran da babu mota a hanya.

Uba kuma yana da nasa haƙƙi. Shi ne waliyyi: yana duba lafiyar ɗansa, yana yi masa tarbiyya, yana sa shi makaranta. Uwa ba ta da ikon hana shi wannan.

In Ciwo Ya Kama Mai Riƙo

Nan ne aka fi samun rigima, saboda haka a saurara da kyau. Gaskiya ne malamai sun sa sharaɗi cewa mai riƙo ya zama ba shi da cuta mai cutar da yaro, suka ba da misali da kuturta. Sai wani uba ya ji haka, ya ce tunda an killace uwar kwana 14 saboda korona, ai riƙo ya faɗi, yaro ya zama nasa ke nan har abada.

Wannan kuskure ne ta fuska biyu. Na farko, in uwa ta kasa saboda ciwo, yaron yana komawa ne ga wadda ke bin ta a layi, watau kakarsa ko 'yar'uwar uwarsa. Na biyu, malamai sun bambanta tsakanin wadda ta sarayar da riƙo da ganin damarta da wadda larura ta hana. Wadda ciwo ya hana, da ta warke riƙo ya komo mata, muddin ba ta yi sakaci da neman abinta ba. Wanda ya karɓi yaro don uwarsa na jinya, amana ya karɓa, ita kuwa amana mayarwa ake yi.

Abu ɗaya za a lura da shi. Korona ta fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini. In kaka ta tsufa ƙwarai, gara a duba wata daga cikin dangi, a yi shawara da likita.

Ziyara Da Tafiya

In hukuma ta hana tafiya, yaro ya zauna inda yake har a buɗe hanya. Kada a ba direba shi a ɓoye, a bi da shi ta daji cikin dare. Wanda yaron ke hannunsa ya riƙa kiran ɗayan ta waya, ya bar su su gaisa. Kwanakin ziyara da suka wuce a rama su daga baya.

Al'amuran Yau Da Kullum

Nono: a lokacin korona likitoci sun ce uwa ta ci gaba da shayarwa ko da ta kamu, ta wanke hannu da sabulu, ta rufe baki da hanci. Kada a yi yayen dole don tsoro.

Rigakafi: ana yi wa jariri ran haihuwa, da mako 6, da 10, da 14, sa'an nan na ƙyanda a wata 9. Katin ya bi yaro duk gidan da ya koma, gama in ya ɓace sai kowa ya zaci ɗayan ya kai shi.

Asibiti: in yaro ya yi zazzaɓi mai zafi, ko numfashi ya yi masa wuya, wanda ke kusa ya kai shi nan da nan, ya sanar da ɗayan daga baya. Ba a jiran izini a kan rai.

Karatu: in an rufe makaranta, iyaye su shirya wa zai duba allon yaro da littafinsa. Kada yarinya ta koma talla daga nan a ce karatu ya ƙare.

In An Kasa Daidaitawa

A fara da waliyyan ɓangarori biyu. In abin ya fi ƙarfinsu, a je ga liman ko mai unguwa. Abin da aka shirya a rubuta shi a takarda: inda yaro zai kwana, nawa uba zai bayar a wata, ranakun ziyara, da wanda zai riƙe shi in ciwo ya zo. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe tasa. In sulhu ya ƙi, sai a kai ƙara gaban alƙali, wanda hukuncin bai gamshe shi ba kuma yana da ikon ɗaukaka ƙara. Amma kada kowa ya ƙwace yaro da ƙarfi, kada kuma a zagi uwa ko uba a gabansa.

Allah ya kiyashe mu daga annoba, ya raya mana zuriya, amin.