Kwana tara da ɗaki a bayan bas: yadda muka zaga dangi daga Babban Giji zuwa Daura

'Yar'uwa, yaushe rabonki da ki kwana a gidan gwaggonki? Ban da gaisuwar waya, ban da zuwan biki da ake komawa gida kafin magariba. Kwana nake nufi, har ki tashi da asuba ki ji tarinta a bayan ɗaki. Ni da na zauna na ƙirga, sai na tarar na shekara huɗu ban kwana gidan Gwaggo a Daura ba, alhali daga ƙofar gidanmu a Babban Giji tafiyar ba ta cin wuni.

Kunya ce ta hana ni. Zuwanmu na ƙarshe mu biyar muka sauka mata. Ta yanka kaji biyu da take kiwo, ta aro katifa a maƙwabta, ta fitar da matar ɗanta daga ɗaki ta ba mu. Bayan mun dawo Kano labari ya iske ni cewa shinkafar da muka ci bashi ta ɗauko. Wannan kuwa tun kafin a cire tallafin man fetur ne a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin lita ba ta kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira dubu, kuma ke ma kin san abin da ya faru da kwanon shinkafa. Duk lokacin da yara suka samu hutu na ce za mu je, sai na tuna bashin nan na fasa.

Ƙanwata da ke aure a Amurka ce ta jawo maganar ba da niyya ba. Ta turo mini bidiyon wata mota da maƙwabtansu suke ajiyewa a ƙofar gida, wadda can suke kira RV. Gida ne sukutum a kan taya: gado, kicin, firji, har banɗaki. Ta ce tsofaffin da suka yi ritaya sukan shiga ciki su yi watanni suna bin 'ya'ya da jikoki jiha jiha, su faka a ƙofar gida, a wuni tare, dare ya yi kowa ya koma makwancinsa. Na nuna wa maigidana don mu yi dariya. Ya yi dariyar, sai kuma ya ce, "Ai Hiace ɗin Yaya tana nan a ajiye tunda ya daina lodi a Unguwa Uku."

Sati biyu muka yi muna shiri. Wani mai walda a Tarauni ya cire kujerun baya layi biyu, ya ɗora katako a kan ƙarfe, muka shimfiɗa katifa a sama, ƙasan ya zama ma'ajiya. Na ɗinka labule, muka rataya gidan sauro. A ƙarƙashin gadon akwai ƙaramar tukunyar gas, jarkokin ruwa uku, bokiti, buta, fo na auta da fitilar sola. Abinci kuwa a kasuwar Tarauni na haɗa shi: shinkafa, wake, garin masara, manja, daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, garin kunu, sai dambun nama da na yi da kaina. Kujerun gaba muka bari, domin na kafa doka cewa ba mai kwanciya a kan katifa mota na gudu. A ɗakin agajin gaggawa na ga yadda jikin yaro yake zama idan birki ya cilla shi, ba na son ƙarin bayani a kan wannan.

Mu shida ne: ni da maigida, yara uku, sai surukata Hajiya, wadda take da ciwon suga tana yin allurar insulin safe da yamma. Saboda ita na fi yin tunani. Insulin da ba a buɗe ba firji yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda aka buɗe kuma yana iya yin wajen sati huɗu a wuri mai sanyi-sanyi. Zafin mota da rana yana lalata shi, haka ma idan ya daskare, don haka kada ki jingina kwalbar da ƙanƙara a cikin kula. Ni dabarar marigayi Mohammed Bah Abba na ɗauka, malamin nan na Jigawa da ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Iskar hunturu busasshiya ce, ruwan yana ƙafewa yana tafiya da zafin. Kwalaben na sa su a leda na ɗaure don kada damshi ya ci takardar jikinsu.

Mun tashi a hutun Disamba na 2024, bayan gari ya waye sosai, saboda hazo. Muka bi ta Dawanau, muka yi kwana ɗaya a Dambatta, biyu a Kazaure wajen Kawu. Shi abin dariya ya ba shi. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙarƙashin gado, ya ce, "To, fatake sun dawo." Da daddare ya zaunar da yaran yana ba su labarin ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni a hanya bisa jakuna, madugu na gaba, in sun isa gari su sauka a zango da tukwanensu, ba su shiga ɗakin kowa. Ya ce sunan Zango da ake ji a garuruwan Ghana har yau daga nan ya samo asali. Na ji daɗin wannan magana fiye da yadda ya zata, don na ɗauka kowa haka zai karɓe mu.

A Kazauren ne aka yi wani abu da nake so ki riƙe. Sanyi ya sauko da ƙarfi, sai matar Kawu ta cika kasko da garwashi ta aiko a sa mana a mota. Na yi godiya, na ce a bar shi a waje. Gawayi idan yana ci a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da muke shaƙa, mutum ya ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Irinta ce ke fita daga salansar mota da janareta, shi ya sa ba ma kunna inji mu kwanta, kuma ko shayi ne sai an fito da gas waje. Bargo biyu-biyu muka yi, da safa, muka bar gilashi ɗaya a ɗan buɗe.

Daura muka isa ranar ta huɗu da la'asar. Gwaggo ta fito da gudu ba ko takalmi, ta rungume yara, tana ta "Lale marhabin da mutanen Kano." Ta ce a shigo da kaya. Na ce, "Gwaggo, ai da ɗakinmu muka zo." Na ja ta na buɗe mata bayan mota ina murna, na nuna katifa, na nuna buhunan abinci, na ce ko ashana ba za ta saya ba.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Me na yi miki?"

Na ce ba komai, sauƙi muke nema mata.

"Sauƙi? 'Yar ƙanena ta zo garinmu ta kwana a titi kamar wadda aka kora, gobe a ce ina da ɗaki na hana? Ko wani ya ce miki bara nake yi?"

Ta juya ta shige. A nan na gane ta san labarin bashin nan ya zo kunnena, kuma motar da na kawo don rufa mata asiri, a idonta tallar talaucinta ce na faka a ƙofar gida kowa ya gani. Ni ma sai zuciya ta ɗebe ni, na ce wa maigida ai ba laifi muka yi ba, na fito da gas na ɗora taliya a gefen mota. Ciki kuma Gwaggo ta hura wuta ta ɗora nata tuwon. Gida ɗaya, tukunya biyu, ba mai yi wa wani magana.

Hajiya ta yi allurarta ta yamma kamar kullum, da tunanin abinci na kusa. Da taliya ta nuna na kai mata, ta ce ba za ta ci abincin mota ba alhali matar gida tana girki, kara ba ta yarda da haka ba. Na san an yi allura, na kuma san abin da ke biyo baya idan ba a ci abinci ba, amma hankalina yana kan fushina. Bayan isha'i babbar 'yata ta zo ta ce Hajiya tana gumi. Gumi a cikin wannan sanyi! Na same ta hannu na rawa, ana tambayarta tana amsa wani abu daban. Na gwada sugan, 54. Duk abin da ya gaza 70 ya yi ƙasa.

Sukarinmu yana can ƙasan gado bayan buhuna. Kafin maigida ya jawo shi, Gwaggo ta iso da nata a gwangwani. Na dama cokali huɗu na shayi a ruwa na ba ta tana zaune, muka jira minti 15 na sake gwadawa, ya hau. Sannan ta ci tuwon Gwaggo da miyar kuka. Ki lura, wannan ana yin sa ne idan mutum yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti. Tun daga ranar sukari da dabino suna aljihun gaban mota.

A daren Gwaggo ba ta nemi shawarar kowa ba. Ta ce Hajiya da 'yata a ɗakinta za su kwana, mu da mazan mu ƙarata da motarmu tunda mun ga wurin kwana. Da safe Hajiya ta kira ni gefe ta ce, "Ke da kika yi boko, ba ki san tsaraba ba?" Muka sauke shinkafa, wake, manja da garin masara, na kai su madafa na durƙusa na ce, "Gwaggo, ga tsarabar Kano, a yi haƙuri ba yawa." Ta ce, "Har da wahala haka? Allah ya yi albarka." Buhunan nan dai su ne ta gani jiya a mota, ni na sani, ita ma ta sani. Kwana uku muka yi, tukunya ɗaya, ita ke rabo. Ta kai yara rijiyar Kusugu, ta saya musu rake da kuɗinta, ban ce uffan ba.

A Gumel, inda muka ƙarasa kwanakinmu wajen 'yar'uwar maigida, tun a ƙofa na miƙa tsaraba kuma na tambaya wa za a ba mu aro ya kwana a ciki. Ba a samu ko tari ba.

Kada ki ɗauka abin hutu ne. Motarmu ba ta da banɗaki, wanka da bayan gida duk a gidan mutane ne, da asuba kina layi da buta. Ƙura tana shiga ko'ina, leɓen yara ya tsage duk da man kaɗanya. Auta ya yi gudawa kwana ɗaya, na haɗa masa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, cokalin shayi shida na sukari a shafe, rabin cokali na gishiri. Kowane awa biyu sai mun tsaya Hajiya ta taka ƙafa, saboda dogon zama yana kawo kumburi, wani lokaci har jini ya dunƙule a ƙafa. Da rana kuma motar a kulle take, makulli a jakata, don yaro ya shiga wasa ya rufe kansa a mota cikin rana ba ƙaramin haɗari ba ne ko a hunturu.

Batun tsaro ba mu yi wasa da shi ba. Ba mu taɓa tafiyar dare ba, ba mu kwana a bakin hanya ko gidan mai ba. Ko dai cikin gida in ƙofar ta isa, ko a jikin zaure, kuma mai gidan ya sanar da mai unguwa cewa baƙinsa ne. Hanyar ma zaɓenta muka yi. Akwai danginmu a wasu sassan Katsina da Zamfara da ban ga ranar da zan kwana a mota a ƙofarsu ba, sai dai mu ci gaba da addu'a. Lambar jami'an kiyaye haɗurra, 122, na rubuta ta a takarda na manna a gaban mota, Allah ya sa ba mu buƙace ta ba.

Kuɗin mai ne ya fi cin mu, sai abinci. Duk da haka bai kai abin da za mu kashe ba da a ce masauki muka kama dare tara, kuma yawancin unguwannin da muka sauka ba su da masaukin ma.

Yaya bai mayar da kujerun ba har yanzu. Satin da ya wuce Gwaggo ta kira, bayan gaisuwa ta tambayi lafiyar bas. Tana da 'yar'uwa a Damagaram da ta shekara shida ba ta gani ba, ta ce in mun tashi zuwa hutu mai zuwa mu biyo ta Daura mu ɗauke ta mu fita ta Kwangwalam. Na ce sai mun duba takardun ƙetare iyaka tukuna. Ta ce mu duba, amma katifar nan tata ce ita da Hajiya, mu mu nemi tabarma.